Tumatir Tara a Bakin Taga

"...lafiya lau, Kaka, ya ƙafar? Ina kwanon da na ajiye a nan?"

"Ka ji gaisuwar miji marar amfani. Ko amsawa ban gama ba."

Jikan nata, wanda ta laƙaba wa Likitan Ganye tun da ya kama aiki a gonar bincike, bai ma ji ta ba. Idonsa na kan tagar kicin. Kwanon na nan, an wanke shi tas an kife.

Tumatir tara ya bari a ciki. Shekara shida yana haɗa aure tsakanin tumatirin gona da wani ɗan'uwansa na daji, ɗan mitsitsi kore, don a samu mai kauri da zaƙi, wanda masu tumatirin gwangwani ba za su wuni suna ƙone ruwansa ba. Cikin shuka ɗari uku, ɗaya ce tak ta ba da abin da ake nema, ita ma ciwo ya kashe ta makon jiya. Taran nan su suka rage a duniya. Tsoron ɓerayen sito ya sa ya kawo su gida su ƙarasa nuna, yau zai cire irin.

"Kaka, tumatirina."

"Naka? Ni ban ga suna a jikinsu ba."

"Na rubuta a takarda, kada a taɓa!"

"Au, ita ce na kunna wuta da ita? Na ɗauka kaza ce ta taka."

"Don Allah ki ce wasa kike yi."

"Wasa da wa? Shekara talatin ina aurenka, ko albasa ba ka taɓa kawowa ba. Rana ɗaya ka yi cefane, sai in zuba masa ido? Kuma don rowa, guda tara."

Ya ɗaga murfin tukunya. Miya ce ja jawur, ta kame har ludayi na tsayuwa. Ya zauna a kan bokiti. Irin da ya ji wuta ba ya tsirowa, wannan ko ba likita ya sani.

"Ɓerayen ofis na guje wa, ashe shugabarsu na gida."

"Ka gaishe su, ka ce uwarsu ta ƙoshi."

"Kin dafa shekara shida, tsohuwa."

"Shi ya sa ta yi daɗi."

"Yau auren nan ya mutu."

"Ya daɗe bai mutu ba! Wa zai kwashe ka, kai da ke zawarcin ganye? Wai ma har da na daji ka haɗa? Dangin kakanka ka nemo kenan. Su ma daga can aka kamo su."

Ya dafe kai da hannu biyu, yana ganin kansa gobe a gaban shugaban sashe ba shi da ko ƙwaya. Kaka ta dube shi ta gefen ido. Tausayi ya kama ta, amma ba ta saba sakin nama da wuri ba.

"Ina sa wuƙa na san ba na kasuwa ba ne," ta ce. "Na kasuwa ka yanka sai ka goge tebur. Wannan ko ɗigo, sai danƙo a yatsa. Tafasa ɗaya ya kame."

"Abin da na'urar gwaji ta faɗa kenan," ya ce.

"To kori na'urar ka ɗauke ni."

"Ki bari, Kaka. Wallahi kuka zan yi."

"Kai wane irin likita ne? Kullum kana cin miyata, yaushe rabon da ka ga 'ya'yan tumatir a ciki? Tun da aka sa min haƙoran robar nan, ƙarƙashinsu suke shigewa. Ɗaga kanka."

A saman kabad akwai faranti. Ya sauko da shi a hankali. Ga 'ya'yan tumatirinsa nan baje a kan farin ƙyalle, an wanke, sun fara shan iska.

"Ba ki haɗa da wani ba?"

"Da wane? Na kasuwa shara nake zubawa. Waɗannan na ce sai an shuka."

Ya tsaya riƙe da faranti, hawaye da dariya suka taho masa tare.

"In ya fito, sunana za ka sa masa," in ji ta.

"Na sa. Mai Haƙoran Roba."

Ta kwashe da dariya har sai da ta tare haƙoran da tafin hannu.

"Auren fa?"

"Na mayar da ke."

"To ajiye 'ya'yan naka inda ba iska, ka zo ka ci shekara shidan taka kafin ta huce."