Shayin Girmama Baƙo

Ranar da wani marubucin barkwanci daga Kano ya sauka a birnin Guangzhou na ƙasar Sin neman inda zai buga littafi, ni na ƙwace shi daga hannun 'yan'uwana 'yan kasuwa. Na karanta littattafansa kaf, na san ba ya raga wa masu cika baki. Ban dai ga abin da ya haɗa ni da su ba.

"Malam, garin nan na san shi kamar yunwar cikina," na ce masa. Alhali tun zuwana tuwon 'yan Gana kawai nake ci.

Na kai shi gidan abincin Musulmin Sin a titin Liuhua. Ma'aikaciya ta kawo butar shayi da roba. Ina ta zuba surutu, ban lura ta ɗauraye kofuna da shayin ta juye a robar ba. Ashe haka suke yi kafin cin abinci.

Na ɗauki robar da hannu biyu. "Wannan shi ne shayin girmama baƙo. Mai masauki ke farawa."

Na kafa kai kamar na samu ƙwaryar fura. Ma'aikaciyar ta dafe baki.

"Alhaji, yaya ɗanɗanon?" Malam ya tambaya, ko murmushi babu.

"Sai wanda ya saba," na ce.

Bara sabon littafinsa ya fito, babi guda sukutum a kan wani Alhaji Ɗauraya. Bai kira sunana ba, amma bai manta wushiryata ba.

Yanzu duk wanda ya wanke hannu a wajen tuwo sai ya turo mini robar: "Bismillah, Alhaji. Mai masauki ke farawa."