Ranar Da Na Wanke Wa Injiniya Teku

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na wanke teku da soson ƙarfe ba, kuma ko da na so in manta, maiɗakina Asabe tana nan da ranta, ba za ta bari ba. Teku fa nake nufi, mai gishiri, a nan Nasarawa cikin Kaduna, inda ruwa mafi girma da muka sani shi ne kogin da muke tsallakewa ta kan gada.

Bari in fara gabatar da kaina, don a san ba ƙaramin mutum ne ya yi wannan aika-aika ba. Na yi firamare har aji huɗu (da na kai biyar, ƙila da yanzu ina Abuja ana buɗe mini ƙofar mota). Daga nan na shiga masaƙa a Kakuri, sashen wankin yadi, na yi shekaru ina mayar da abu mai dauɗa fari fat, har gashin kaina ya gani ya yi koyi. Ni da datti ko gaisawa ba ma yi. Zamanin soja, da ake tilasta wa jama'a shara duk Asabar ɗin ƙarshen wata, ni kaɗai a layinmu nake fitowa da fara'a. Da farar hula suka karɓi mulki aka sakar wa mutane mara, kowa ya jingine tsintsiyarsa ya ce ai dimokuraɗiyya ta zo. Ni ban jingine tawa ba. Shi ya sa maƙwabcina ya raɗa mini suna Dubagari.

Maƙwabcin nan shi ne Injiniya Bulus, mutumin wajen Zonkwa. Ya daɗe yana aikin jirgin ruwa a Legas, da ya yi ritaya ya dawo da matarsa, Mama Rifkatu, da kuma wani akwatin gilashi mai tsawon benci. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ita ma gajeriya. Kullum bayan la'asar muna ƙarƙashin mangwaronsa muna dara, yana cuta ina kama shi.

Akwatin nan shi ne tekun. Kifi biyu ne kacal a ciki, abin da ya fara ba ni mamaki ke nan, don ni a sanina mai kiwon kifi yawa yake nema. Sauran duk duwatsu ne masu ramuka, a jikinsu wasu abubuwa sun tsiro, wani kamar kunnen giwa, wani kamar yatsun jariri. Injiniya ya ce murjani ne, kuma wai dabbobi ne masu rai. Na ce to. (Ni murjani a wuyan mata na san shi, amma mutum ya yi yawon teku, ba ka musu da shi a falonsa.) Akwai jatan lande mai farin gashin baki kamar tsohon ɗan sanda, akwai dodon koɗi masu lasar gilashi, ga fitila a sama, ga inji yana juya ruwa, ga fanka tana yi masa fifita saboda zafin garin nan. Gishirin ma ba na miya ba ne, daga Legas ake aiko masa a bokiti. In aka ɗauke wuta, kafin ya tuna da firji ya tayar wa duwatsu janareta.

A kan babban dutsen tsakiya akwai wani abu kore shar, yana kaɗawa kamar gonar acca da iska ke bi. Ciyawar Mama Rifkatu ke nan, haka duk muke kiranta. Ita ta zaɓe ta tun tana faɗin ƙumba, ta girma har ta fi tafin hannuna. Da ciwo ya kwantar da matar, a gaban akwatin ake ajiye mata kujera, ta wuni tana kallon koren nan, ta ce gonarsu ta gida take tuna mata. Bayan rasuwarta, sau da yawa in na shiga sai in tarar da Injiniya a kan wannan kujera, shayinsa ya huce a hannu. Sai in yi gyaran murya in ce ko tsoron dara yake ji.

To, sai bikin ɗan ƙanensa ya taso a ƙauye, zai yi kwana biyar, 'yarsa Rifkatu mai aikin jinya za ta bi shi. Ya kira ni ya ba ni aiki uku: in zuba wa kifi abinci gwargwadon abin da yatsu biyu suka ɗauka, in ƙara tataccen ruwa har ya kai wani layi da ya ja a gilashi, in tayar da janareta in wuta ta tafi.

“Shi ke nan?” na ce.

“Shi ke nan, Dubagari. Ko yaro zai iya.”

“To me ya sa ka kira babba?”

Kwana huɗu ina zuwa bayan la'asar, ina yin aikina yadda aka ce. Rana ta biyar ita ce ranar dawowarsu, kuma ta faɗo Asabar ɗin ƙarshen wata. A tarbiyyarmu, matafiyi ba ya dawowa ya tarar da gidansa yadda ya bar shi, sai ya tarar ya fi kyau. Na ɗauki tsintsiya da sassafe na shiga. Ban taɓa ganin akwatin a wannan lokaci ba, fitilarsa ba ta riga ta kunna kanta ba.

Na leƙa. Babu ciyawa. Inda koren yake, wani abu ne shimfiɗe mai launin makuba, mai ƙuraje-ƙuraje, ya manne wa dutsen kamar tsohon cingam a ƙarƙashin benci. Na duba sauran duwatsun da idon gwani, sai na ga ashe duk sun yi dabbare-dabbare da irin wannan launi, ga gansakuka a lungu-lungu. Nan take na gano cutar (ni da ban taɓa ganin teku ba sai a kalanda): datti ya rufe ciyawar marigayiya, yana shaƙe ta, kuma a hannuna abin ya faru. Mutumin nan zai dawo ya zauna a kujerarsa ya ga wayam. Wallahi tausayi ne ya kama ni, ba ƙarambani kaɗai ba. Ƙarambanin dai shi ma ya ba da gudummawa.

Na leƙa ta katanga na ce wa Asabe ta dafa mini ruwa, ta miƙo baho da soson ƙarfe da sabulu.

“Malam, shi ya ce ka wanke?”

“Sai an ce wa likita ya yi allura?”

“Ni dai na ji abu uku ya lissafa maka.”

“Na huɗun kyauta ce.”

Ta miƙo kayan tana girgiza kai, ta ce ita dai shaida ce ba ta da hannu.

Na naɗe hannun riga na dinga ciro duwatsu ɗaya bayan ɗaya ina kaiwa tsakar gida. Na fara da na tsakiya. Abin nan mai launin makuba ya yi taurin kai, sai da na sa bayan cokali na ɓamɓare shi, ya taso kamar fatar ganda, na wurga a kwata. Na duba ƙarƙashinsa ban ga kore ba. Na ce wa kaina ai saiwar tana cikin ramuka, da ta sha iska za ta tofo. Da na kwara ruwan zafi kuwa, sai ga halittu suna fitowa daga ramukan, tsutsotsi masu gashi, ƙananan ƙwari masu ƙafa da yawa, wasu kamar taurari. Na ce a'uzubillahi, dubi abin da Injiniya yake kwana da shi a gida! Kajin Asabe suka tsallako katanga suka yi walima.

Dutse ɗaya ne ya gagare ni, na can ƙasa wanda babban yake zaune a kansa. Na zura hannu zan ɗago shi, wata ƙaguwa da ban san da zamanta ba ta kama mini ɗan yatsa. Na yi wata ƙara da ba ta dace da shekaruna ba. Na ce da ita ta riƙe dutsenta, zan dawo mata bayan azahar.

Kafin rana ta take, duwatsu takwas suna jere a kan kwanon rufi a tsakar gida, fari tas, suna ƙamshin sabulu. Ko a masaƙa ban taɓa fitar da aiki mai kyan wannan ba. Na koma gida na yi wanka, na sa farar riga da hula, na dawo na zauna kusa da su ina jiran yabo.

Suka iso da azahar. Injiniya da Rifkatu cikin ankon biki, tare da wasu dattawa biyu daga ƙauye, kawunnansa, waɗanda ya cika wa kunne da labarin gonar da ke cikin ruwa har suka biyo shi su gani da idonsu. Na miƙe na buɗe hannuwa.

“Barka da dawowa, Injiniya. Kada ka gode mini, haƙƙin maƙwabtaka ne.”

Ya tsaya da jaka a hannu. Ya dubi kwanon rufi, ya dube ni, ya sake duban kwanon. Ɗaya daga cikin dattawan ya matso da sandarsa ya ƙwanƙwasa dutse ɗaya.

“Bulus, kanwa ka ɗauko mu tun daga gida mu gani?”

Injiniya ya ajiye jaka ya ɗauki babban dutsen da hannu biyu, ya juya shi, ya kai hanci ya shinshina.

“Dubagari,” ya ce a hankali, “ina abin da ke jikin wannan?”

“Dattin? Yana kwata. Sai da na sa cokali. Shi ya rufe ciyawar, amma kada ka damu, yanzu za ta samu hanyar fitowa.”

Rifkatu ta sa hannu ta rufe baki. “Baba,” ta ce da ni, “ai shi ne ciyawar. Haka take in ta yi barci. In fitila ta mutu sai ta shige ciki, in haske ya zo ta fito.”

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na dai san Injiniya ya zauna a ƙasa daɓas, cikin sabon ankonsa, da dutsen a cinya, yana shafa shi da babban yatsa. Ana cikin haka wata kazar Asabe ta ratsa ta tsakiyarmu da tsutsar teku a baki, tana tafiya da isa kamar an gayyace ta. Dattijon nan ya bi ta da kallo ya ce, “To, ita dai ta ga gonar.”

Da Injiniya ya zage ni, da na samu sauƙi. Na buɗe baki in ba da haƙuri, abin da ya fito shi ne, “Ban mayar da su cikin ruwan ba tukuna.” Rifkatu ta ce wannan kaɗai ne abin da na yi daidai, don da sabulun ya shiga, da har kifin sun tafi. Na cire hula na riƙe a hannu, ban san dalili ba, na fita da baya-baya.

Washegari Asabe ta tasa ni gaba na je na durƙusa, ni da furfurata. Ya ce, “Ba komai, Malam.” Malam fa! Shekara da shekaru ban ji wannan suna a bakinsa ba. Dara ta tsaya. In mun haɗu a ƙofa sai gaisuwa irin ta mutanen da suka haɗu a layin asibiti. Ta katanga ina jin su shi da Rifkatu suna ta canjin ruwa, don ashe ƙazantar da na kashe ita ce take tace ruwan tun asali. Ni da nake cika layi da surutu na koma fita ta ƙofar baya. Abin da ke cina ba kunyar dattawan ba ce. Na san abin da mutumin nan yake kallo in ya zauna a kujerar nan, kuma ni na sa cokali na kankare shi.

An fi wata guda a haka. Ran nan bayan la'asar ina gyara kejin kaji, sai na ji murya ta saman katanga.

“Dubagari! Zo. Ka bar hannuwanka a gida in zai yiwu.”

Na shiga falon hannuwana a baya kamar ɗan makaranta. Ya nuna mini kujerar, wadda ban taɓa zama a kai ba, ya ce in zauna in dubi dutsen ƙasa, wajen gefen da ƙaguwa take. Na ƙura ido har hawaye ya taru. Can na gani. Wani ɗan kore, bai kai ƙwayar wake ba, silli biyar ko shida, yana kaɗawa a ruwa. Ashe ciyawar ta daɗe da yaɗo daga babban dutse ta sauka kan na ƙasa, ba wanda ya lura.

“Wannan ta tsere maka,” ya ce.

Da ƙyar na ce, “Za ta girma?”

“In ka bar ta. Shekaru za ta ɗauka.” Ya ja numfashi. “Ni ma da laifina. Na lissafa maka abin da za ka yi, na manta wanda nake bar wa gida. Kai ai abin da ba za ka yi ba ake lissafa maka.”

Ya tashi ya ɗauko ledar 'ya'yan dara daga kan firji ya wurgo mini a cinya. Ya ce in fito, wata guda bai cuci kowa ba, hannunsa har ya fara sanyi.

Har gobe ina shara ranar Asabar, ban tuba daga wannan ba. Amma yanzu in na shiga gidan mutum na ga wani abu ya yi dabbare-dabbare a lungu, sai in tura hannuwana cikin aljihu, in yi sallama, in tambayi mai gidan cikin ladabi: wannan dattin, Alhaji, shekara nawa ka yi kana kiwonsa?