Rasuwar Allon da Bai Taɓa Kushe Aikina Ba

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har ba wurin ajiye wani abu, nake sanar da 'yan uwa, abokan sana'a da ragowar kwastomomina rasuwar allon kwamfutata. Ya rufe ido ranar Talata da hantsi, a kan teburin da ya yi rayuwarsa, ina tsakiyar aiki.

Marigayin ya shigo hannuna tun ina koyon zane, lokacin da ban san bambancin tambarin kamfani da hatimin makaranta ba. Na hannu ne na saya, mai kauri, mai nauyi, da ɗan tabo a kusurwar hagu. A fuskarsa na zana katin gayyata na farko, da shafin intanet na farko da wani ya yarda aka sa sunan shagonsa a kai. Idan na kunna shi da safe sai ya ce "tik", ya yi shiru yana nazari, sannan ya saki wani siririn "ziiii" da ba ya yankewa sai an tashi aiki. Matata ta ce ƙarar na sa mata ciwon kai. Ni kuwa ita ce take ɗebe min kewa.

Mafi girman halinsa shi ne bai taɓa kushe aikina ba. Duk abin da na zana sai ya nuna min shi tas, fuskoki sumul, kowane launi a mazauninsa. Sai aikin ya bar gabansa ake samun matsala. Ango da amarya su fito a kati da fuska kore-kore kamar an taso su daga jinya. Na sha faɗa da masu buga takardu a kan suna ha'incin tawada. Wayata ma takan nuna min koren, amma wa zai bar shaidar dattijo ya kama ta wayar da ta sha faɗuwa ƙasa?

A gaban marigayin nan na zaunar da ƙanina, autan gidanmu, na koya masa riƙe linzamin kwamfuta. Ina so a shaida wannan, domin yanzu ba mai tunawa. Ni na nuna masa yadda ake yanke hoto ba tare da an guntule wa mutum kunne ba. Yau Auta yana da ofis mai labule da sanyi, da siraran alluna a jere, kamfanonin da ban iya furta sunansu ba suna nemansa. Idan baƙi suka zo gida, Umma sai ta ɗauko waya ta nuna musu shafin da ya yi wa wani asibiti, tana shafa gilashin da yatsa a hankali. In aka tambaya ni fa, sai ta ce, "Shi ma babban yana taɓawa." Yana taɓawa! Ina kishin yaron nan, ba zan ɓoye ba. Ko sabon takalmi na gani a ƙafarsa sai na ji kamar daga teburina ya fito.

Ya taɓa zuwa shagona ya leƙa ta bayan kafaɗata, ya ce, "Yaya, anya allon nan lafiyarsa ƙalau? Ja ya yi masa yawa fa. Shi ya sa kake rage jan, aikin yake fita kore." Na ce ya je ya ji da nasa. Yaro ya samu wuri, har ya fara yi wa dattawa gwajin ido.

Ciwon ajali ya fara ne da ƙifte-ƙifte. Daga nan wani zare ya ratsa fuskarsa daga sama zuwa ƙasa, sai ka ɗan mare shi a gefe kafin ya farfaɗo. Na rungume shi na kai wa mai gyara. Mutumin ya buɗe bayansa, ya hura ƙura, ya girgiza kai ya ce, "Maigida, wannan ai ya gama nasa. Ka bar shi ya huta." Na dawo da shi shago muka ci gaba da jinya.

A lokacin kwastomomi sun daɗe suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, kuma na san ƙofar da yawancinsu suke shiga. Mutum ɗaya ta rage min, wata dattijuwa mai shagon yadi, wadda nake kula mata da shafin da take tallan hajarta. Ita ma ta kira ni ta ce, "Ɗana, mata suna zaɓen yadi a shafin nan, in an kai musu sai su ce ba shi ba ne. Na gaji da ba da haƙuri. Ka gyara min kafin ƙarshen mako, in ba haka ba zan kai wa ƙaninka. Ai duk gida ne." Wannan gyaran nake yi ranar Talata marigayin ya yi duhu. Na danna, ya ce "tik". Na jira sauran maganar, ba ta zo ba.

Da yamma sai ga Auta da ɗaya daga cikin allunansa a naɗe cikin bargo. Matata ce ta gaya masa, kuma za mu yi wannan maganar da ita daga baya. Ya ce, "Yaya, riƙe wannan, dama ba na amfani da shi." Abin da nake tsayawa kallo ta gilashin kanti, shi ne yake ajiye a wurinsa ba amfani. Ya haɗa min ya tafi, ko zama bai yi ba.

Na buɗe shafin mai yadi. Yadin da na bari ruwan hoda ya koma ruwan toka, ja ya zama ruwan ƙasa, farin leshi kamar ya kwana a kwata. Na buɗe tsofaffin ayyukana ɗaya bayan ɗaya, har wanda nake alfahari da shi, duk haka suke. Ashe abin da jama'a suke gani ke nan tun farko, suna karɓa suna godiya, ba sa dawowa. Na daɗe zaune hannuna a kan linzami.

Na ji wasu sun fara cewa marigayin maƙaryaci ne. Ban yarda ba, kuma ba zan bari a faɗa a gabana ba. Rufa min asiri yake yi. Shi kaɗai ne a duniya ya ga aikina yadda nake ganinsa, ga shi ya tafi da abinsa.

Na gyara launukan a allon aro, na kai wa mai yadi. Ta sa tabarau, ta ɗora waya kusa da bandir ɗin yadin tana gwadawa, sannan ta washe baki ta ce, "Madalla! Ka ga yanzu aikinka ya fara kama da na Auta." Na riƙe kwastomata. Na kuma taka da ƙafa har gida, don kada wanda na sani ya tare ni a mota ya tambaye ni me ya faru da fuskata.

Marigayin ya rasu ya bar igiyar wuta mai ɗaurin salatif, da linzami mai gardama, da tsohon littafin da yake tsayuwa a kai tun da ƙafarsa ta karye, sai kuma ni.

Za a kai shi makwancinsa ranar Asabar da safe, wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke ƙarshen layinmu. Auta ya ce a sa shi a motarsa, na ce a'a, a kafaɗa zan ɗauka. Za a karɓi gaisuwa a shagona bayan an dawo. Masu zuwa za su ga takardar sanarwar rasuwa a liƙe a ƙofa, da hoton marigayin a tsakiya. Ba ni na yi ba. Auta ne ya zana, ba wanda ya sa shi, ya aiko aka liƙa. Na tsaya a gabanta tun safe ina neman inda ya kuskure, ko da harafi ɗaya ne, ban samu ba. Don girman Allah, wanda ya zo ya yi gaisuwarsa ya wuce, kada ya yaba ina ji.