'Yar Rawaya Ta Tafi da Lamba ta Arba'in da Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ya ƙi haɗiyuwa, autan gidan marigayi malamin lissafi, wanda 'yan uwansa ke kira Mai Awo, yana sanar da dangi da abokan karatu rasuwar na'urarsa ta nuna wuri, wadda aka fi sani da 'Yar Rawaya. Ta rasu ranar Talata da la'asar a kan teburin wani mai gyaran waya, bayan shekara tara tana hannun Mai Awo.

Marigayiyar ta shigo rayuwarsa yana aji biyu a sashen awon ƙasa na jami'a. Ba kyakkyawa ba ce. Fuskarta ƙarama, ba launi, murfin batirinta kuwa roba ce ke riƙe da shi. Amma ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Idan ya kunna ta a fili, sai ta yi tsit tana sauraron taurarin ɗan'adam da ke kewaya duniya a nisan kilomita dubu ashirin, kowanne yana shelar lokacinsa da inda yake. Ba ta buɗe baki sai huɗu daga cikinsu sun ba da shaida. Sannan ta ce ƙit-ƙit, ta nuna inda ƙafarsa take, ta ƙara da cewa tana iya yin kuskuren mita uku. Shekararsa ashirin da takwas yana cuɗanya da mutane, bai taɓa ganin wanda ya faɗi iyakar kuskurensa tun kafin a tambaye shi ba, sai ita.

Ya zama dole jama'a su san amanar da ta tafi da ita. Shekara uku da suka wuce aka kira Mai Awo daga wurin aiki cewa Baba ya cika. Ya isa maƙabarta da laka a takalminsa, ita kuma tana aljihu. Da mutane suka watse, ya tsaya daidai kan Baba, ya jira ta yi ƙit-ƙit, ya danna ta adana wurin. Lamba ta arba'in da ɗaya. Daga baya aka sare bishiyar da ke kusa don a ja katanga, damina uku ta baje tudun ƙasa, sababbin layuka suka cike ɗan sararin da ya rage. Bai damu ba. Inna tana gadon asibiti da ciwon gwiwa ranar da aka yi jana'iza, ba ta taɓa ganin wurin ba, kuma duk lokacin da ta tambaya yakan ce ya san shi kamar yunwar cikinsa. Yanzu an yi mata aiki, ta miƙe, ta tsayar da Asabar mai zuwa don ya kai ta wurin. Har ta sa an wanke mata takalmi.

Game da jinya, mai wannan sanarwa ba zai sakaya zance ba. Yaya ne ya are ta don auna filin da zai kafa gidan kaji. Sau uku aka ja masa kunne ya cire batir idan ya gama. Ya jefa ta cikin mota a gindin gilashin gaba, ya bar ta mako uku rana na gasa ta, har batiran suka fashe, wani farin gishiri ya cinye mata ciki. Ya maido ta ƙunshe a leda kamar ragowar cefane, yana cewa ai dama ta tsufa, kuma kowace waya yanzu tana wannan aikin. Bai tambayi abin da ke cikinta ba. Bai ma zauna ba.

Sai mai gyara, wanda allon shagonsa ke rantsuwa cewa babu abin da ya gagare shi. Ya ɓalle ta da bakin wuƙa, ya kwarara mata sifirit, ya hura mata iska mai zafi yana amsa waya da kafaɗa. Fuskarta ta haska sau ɗaya. Ta ja wani dogon ƙiiit wanda Mai Awo bai taɓa ji daga gare ta ba, daga nan ba ta sake motsi ba. Mutumin ya goge hannu a wando, ya ce ai a makare aka kawo ta.

Ta rasu ta bar jakarta ta yadi, da igiyar rataya, da robar nan. Ta bar taurarin ɗan'adam wajen talatin, waɗanda har yanzu ke wucewa ta saman gidan a kan lokacinsu, suna zuba magana. Mai Awo ya karanta su a jami'a, ya san ba su da kunne. Aikawa kawai suke yi, ba su taɓa sanin tana duniya ba. Sanin hakan bai hana shi ɗaga kai ya harare su ba.

Ta kuma bar wani littafi mai baƙin bango, kuma a nan fushin ke juyowa gida. A cikinsa ya kwafe lambobin filayen mutanen da bai sani ba, da kyakkyawan rubutu, har da ja musu layi. Na Baba kaɗai bai kwafa ba. Duk lokacin da ya ɗauki biro, sai ya ji ba zai iya mayar da mahaifinsa jerin lambobi a takarda ba, ya ce sai gobe. Ya ɗauka wannan ladabi ne. Yau ya san sunansa sakaci.

Za a binne marigayiyar ranar Alhamis da hantsi a bayan ɗaki, a cikin jakarta. Ba a buƙatar rakiya, kuma an ɗauke wa mai gyara nauyin zuwa. Addu'a a adana ta ga wanda ya cancanta.

Gaisuwa kuwa ba a gida za a karɓe ta ba. Ana roƙon duk wanda ya halarci jana'izar Baba ya zo ɓangaren gabas na maƙabarta ranar Juma'a da safe, ya tsaya inda zuciyarsa ta tuna, ba tare da ya kalli inda wani ya tsaya ba. Kada kowa ya kai wa Inna labari. Idan Juma'a ta wuce ba a dace ba, ɗanta zai durƙusa ya faɗa mata da bakinsa.

Mai Awo ya yi rantsuwa ba zai ƙara yi wa Yaya magana ba, kuma yana nan a kan bakansa. Shi ya sa ya rubuta a nan, inda kowa zai gani: Yaya ne ya shiga ramin ya karɓi Baba. Lallai ya zo da wuri ranar Juma'a.