Farin Kostim da Rigar Baba

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na yi rabon ruwa a tsakiyar teku ba, ko da tsufa ya kwashe duk sauran abin da ke kaina. Ni malamin Faransanci ne a wata kwaleji a Dogon Dutsi, kuma duk garin "Mushe" ake ce mini (wato Monsieur, malam da Faransanci), har matata idan tana son tsokana. A lokacin gani nake babu wani abu na zaman Turawa da zai gagare ni, tunda na karanta shi a littafi (na ma koyar da shi, na ba yara maki a kansa).

Ƙanwata Balkisa ce sanadin tafiyar. Ma'aikaciyar jinya ce a Marseille, can ta haɗu da mijinta, ɗan asalin Matankari wanda aka haifa a Faransa. A nan gida aka ɗaura auren da wakilai, ba ango ba amarya, kuma Babanmu bai ga ranar ba, Allah ya karɓi abinsa kafin nan. Saboda haka dangin mijin ba su taɓa ganin kowa daga gidanmu ido da ido ba. Da surukinta Alhaji Maman ya ajiye aiki, sai 'ya'yansa suka shirya masa yawon hutawa a irin manyan jiragen ruwan nan na alfarma masu zagaya Bahar Rum, suka ce lallai yayan Balkisa ya zo a madadin uba.

Da ta kira ni a waya, bayan gaisuwa ta ce, "Yaya, abu guda nika roƙonka. Daren hwarko daren ado na, kowa zai sa kayanai na girma a ɗauki hoton dangi. Ka taho da rigar Baba. So nikai in tsaya kusa gare ta."

Rigar Baba babbar riga ce ta saƙi, rinin shuni, ɗinkin hannu. Ita yake sawa ranar idi, kuma da ita ya raka Balkisa tasha ranar da za ta tafi karatu Yamai. Tun rasuwarsa tana ƙasan akwatina. Na ce wa Balkisa to. Amma ina ajiye wayar zuciyata ta fara ba ni wata shawara. Mutanen nan sun daɗe a Turai. In na shiga musu da tsohuwar riga mai ƙamshin akwati, ai cewa za su yi ga ɗan ƙauye an ɗebo musu daga Arewa. Na ƙudura cewa zan fitar da ƙanwata kunya, su san gidanmu ma akwai wayewa. Ban tambaye ta ko tana jin wata kunyar ba.

Na shiga waya na nemo hotunan ɗakin cin abincin jirgin. A ɗaya daga ciki, mutane ne zaune kewaye da tebur cikin baƙaƙen kaya, sai mutum guda a tsaye, dogo, cikin farin kostim, wato kwat da wando, mai maɓallan zinariya, da ɗan baƙin karabat ɗaure a wuya kamar malam-buɗe-littafi. Kowa ya ɗaga kai yana kallonsa yana murmushi. Nan take na gane wane ne. A wurinmu farin kaya na manya ne, kuma a wurin biki mai gida ba ya zama, zagayawa yake yana tambayar baƙinsa ko abinci ya ishe su. Na ce wannan shi ne babba a wurin, kuma irin kayansa zan sa.

Na kai wa telana Nuhu hoton a bakin kasuwa. Ustazu ne mai ɗan gemu, ba ya son yawan magana. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Mushe, wanga hwarin ƙyalle da ke ga hannunai hwa, a haɗa da shi?"

"Haɗa mana," na ce. "Ba ka ganin alhazanmu da nasu ga kahwaɗa? Su can ga hannu aka rataya shi."

Ya haɗa. Ya kuma ɗage mini ƙafar wandon sama da idon sawu ba tare da ya shawarce ni ba (ya ce don kada in ja shi a ƙasa in kwashi zunubi). Daren da nake haɗa kaya, matata Mariama ta ninke rigar Baba ta ɗora a saman jaka. Na cire ta, na ce nauyi zai yi yawa a filin jirgi. Ta dube ni, ta dubi rigar, ta mayar da ita akwati.

Jirgin samana ya yi latti, don haka a gurguje na isa tashar ruwa, ana dab da janye tsani. Balkisa ta rungume ni tana kuka, ta raka ni ɗakina, ta ce in huta, surukanta ma suna hutawa, a wurin cin abincin yamma za a yi gaisuwar girma. Jirgin nan ya fi duk wani gini da na taɓa shiga tsawo. Da na leƙa taga, ruwa ne har inda ido ya tsaya, ni da na tashi a garin da ake jan guga da igiya mai tsawon da sai hannu ya gaji.

Bayan magariba na yi wanka, na sa kostim ɗina, na ɗaura karabat, na rataya farin ƙyalle a hannun hagu daidai yadda yake a hoto. Na dubi madubi na ji daɗin kaina ƙwarai. Da yake malamin makaranta ba ya makara, na riga dangin sauka.

Ina shiga ɗakin cin abincin na ga masu irin kayana sun fi goma, suna ta kai da kawo. Abin da ya zo mini a rai shi ne, kai, jirgin nan akwai manyan mutane. Har na ɗaga wa ɗaya kai irin gaisuwar sa'a da sa'a, shi ma ya ɗaga mini.

Ina cikin neman teburinmu sai wata tsohuwar Baturiya ta taɓa hannuna, ta miƙo mini tulun gilashi babu komai a ciki, ta ce don Allah ruwa. Ta kai sa'ar mahaifiyata. A yadda aka rene mu, tsohuwa ba ta aikenka ka tsaya tambayar dalili. Na karɓa da hannu biyu, na nemo inda ake ɗibar ruwa, na kawo mata, har na zuba mata a kofi. Ta yi godiya. Tsohon da ke teburin gaba ya ɗaga nasa kofin. Shi ma na zuba masa. A raina ina yaba musu, ina cewa ashe Turawa ma sun san ɗaukar ɗan wani kamar nasu.

Sai da wani mai irin kayana ya zo da sauri ya danƙa mini faranti cike da kofuna, ya nuna mini wani tebur da haɓa, ya ce in hanzarta, sannan kaina ya waye. Na dubi kayansa, na dubi nawa. Na dubi ƙyallen hannunsa, wanda a daidai lokacin yake goge bakin kwalba da shi. Gumi ya karyo mini duk da sanyin da ke ɗakin. Na rasa inda zan ajiye farantin, sai kawai na nufi teburin da aka nuna mini da niyyar in sauke in gudu.

A kan teburin wani dattijo ne zaune cikin farar babbar riga da jar dara, kewaye da 'ya'ya da jikoki, kowa cikin shadda da leshi. Babu mai kostim ko ɗaya. Dattijon ya ƙura wa fuskata ido, ya ga tsagen mutanen Arewa da ke kumatuna, sai fuskarsa ta washe.

"Kai, yaro! Ba'are ne kai? Ɗan wane gari?"

"Dogon Dutsi, Baba," na ce, muryata kamar ba tawa ba.

"Allahu akbar! Ku diba, ɗan gida na aiki nan. Sannu da ƙoƙari, Allah shi yi ma albarka." Ya juya gefensa. "Balkisa, ga ɗan garinku. Shin wai ina yayan naki? Har yanzu bai sabko ba?"

Sai a lokacin na gan ta. Tana zaune a gefensa cikin atamfa, hannunta a kan baki.

"Baba," ta ce a hankali, "shi na."

Kofunan suka yi ta kaɗawa a kan farantin, kuma da ƙasan jirgin zai buɗe, da na yi wa teku godiya. Wani jika ya fashe da dariya, uwarsa ta make shi. Na fara bayani da Faransanci mai nahawu, ina cewa kuskure ne, ni malami ne, ni ba garson mai kai wa baƙi abinci ba ne, ban taɓa yin irin wannan aikin ba. Na maimaita hakan fiye da yadda ya kamata.

Alhaji Maman ya miƙe tsaye. Ya karɓi farantin daga hannuna da hannu ɗaya, ko kofi guda bai motsa ba, ya ajiye. Ya gyara mini karabat ɗin da ya karkace.

"Mushe, zamna," ya ce. "Ni garson ne. Wagga riga ita nis sa tun ina saurayi har watan jiya, da ita nic ciyar da duk waɗanga da ka gani. Na tuɓe ta, sai ga ta yau ta biyo ni ga jikin surukina." Ya yi dariya har da hawaye, kowa ya samu damar yin tasa.

Wannan kunya ta biyu ta fi ta farko zafi. Na tsaya gaban mutum ina ta wanke kaina daga aikin da ya yi rayuwarsa a ciki. Shi kuwa bai riƙe ni ba. Ya zaunar da ni a damansa, ya yi ta tambayata labarin Matankari da yadda gero ya yi a bara, kuma duk wanda ya kawo mana abinci sai ya dube shi a fuska ya yi masa sannu. Ni ma na koyi yin hakan a sauran kwanakin.

Da aka tashi ɗaukar hoto, Balkisa ta ja ni gefe. Na shirya jin faɗa a kan kostim. Ba ta ko ambace shi ba.

"Yaya, je ka sako rigar Baba, za su jira."

"Tana Dutsi," na ce.

Ta dube ni kamar yadda Mariama ta dube ni daren haɗa kaya. Ta gyaɗa kai, ta share ido da bakin gyalenta, ta kama hannuna muka shiga layi. Wannan ne abin da har yau yake ci mini rai. Ita ba wayewata ta nema ba. Ubanta take so ya tsaya a hoton, ko da a riga ne, ni kuma na bar shi a akwati don kada ya kunyata ni.

Hoton yana rataye a falonsu a Marseille. An ce baƙi kan yaba wa Alhaji da kirki, wai har ma'aikacin jirgi ya jawo cikin hoton iyali. Kostim ɗin kuma na ba masu rabon abinci a bukukuwan Dutsi, yana ta aikin da aka ɗinka shi dominsa.

Da Balkisa ta zo gida da jaririnta bayan wani lokaci, tsakiyar bazara ce, rana tana dukan ƙasa. Na sa rigar Baba na je tasha na tsaya, gumi na bin bayana, 'yan kabu-kabu suna tambayar Mushe ko an ga watan salla ne. Tana saukowa daga mota ta miƙa wa Mariama yaron, ta kifa fuskarta a hannun rigar, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Yanzu in zan kai wa tela hoto, sai na fara duba abin da mutumin ke riƙe da shi a hannu. In kuma wani nawa ya ce abu guda yake roƙo, wannan abin nake fara sawa a jaka, kafin wayona ya farka.