Hoton Saukar Ummi

Ba zan taɓa mantawa da ranar saukar Ummi ba, ko na so in manta ma yayata ba za ta bari ba. Ummi 'yarta ce, ta sauke Alƙur'ani a wata Islamiyya a Unguwar Kanawa. Mahaifiyarmu Hajiya tana Rigachikun, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa, sai ta ce abu ɗaya take so: hoton jikarta riƙe da allon zayyana, ta rataye a ɗakinta.

Ni kuwa ban daɗe da sayen kyamara ba, irin mai dogon bakin nan. Na sha kallon bidiyon koyarwa har na fara yi wa abokan aiki lacca a ofis (babu wanda ya tambaye ni). Na haddace cewa abu uku ke sarrafa haske: faɗin ƙofar da yake shiga, daɗewar da take yi a buɗe, da yadda kyamarar ke jin sa. Barin kyamara ta zaɓa da kanta kuwa, a ganina, aikin ragwaye ne. Da Yaya ta ce za ta ɗauko mai hoto, sai da na yi fushi. Ranar ma har hana 'yan'uwa ɗaga waya na yi, wai suna tare mini aiki. Allah Ya shirye ni.

Aka jera ɗalibai a ƙarƙashin rumfa da tsakar rana, kowace cikin farin hijabi, bayansu rana ƙwal a kan farin bango. Idon mutum yana ganin haske da inuwa lokaci guda ba wahala. Kyamara ba ta da wannan baiwar, dole ka zaɓi wanda za ka ceta. Na tuna an ce idan fari ya ƙone a hoto ba ya dawowa, sai na murɗa na rage haske, na ƙara ragewa, ina ta ƙyas-ƙyas har da durƙusawa. Rana ta hana ni ganin abin da nake ɗauka, girman kai kuma ya hana ni shiga inuwa in duba.

Ina buɗe kwamfuta a gida na ga ɓarnar da na yi. Allon ya fito raɗau, har wasullan ana karantawa. Mai allon ce babu. Hijabi fari tas, cikinsa duhu, sai haƙora. Na ce ba komai, ai ana jawo haske daga inuwa. Na ja, fuskar ta fito, amma duk ta yi ɗigo-ɗigo ja da kore kamar an watsa mata tsaki. Na goge ɗigon, hancin ya bi shi. Haushi ya ishe ni, na tsine wa kyamara, na ga laifin mai rumfa, har wanda ya yi wa bangon fenti bai tsira ba.

Haka na wanko mai ɗan dama-dama, muka kai wa Hajiya ni da Yaya. Ta sa gilashinta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago cikin damuwa.

"Auta, yaushe yarinyar nan ta yi ƙyanda ba wanda ya gaya mini?"

Na fara bayanin haske da inuwa ina in'ina, Yaya ta katse ni.

"Lafiyarta ƙalau, Hajiya. Ciwon na mai hoton ne."

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na roƙa a bari Ummi ta sake sa hijabin in ɗauki wani, Hajiya ta ce ba a sauka sau biyu, ita na ranar take so, ba na shiri ba. Ta sa aka rataye shi daidai saitin ƙofa. Har yau duk baƙuwar da ta shigo sai ta yi wa yarinyar addu'ar samun sauƙi, Hajiya kuma sai ta faɗi sunan wanda ya ɗauka.

Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan kam na ji a jikina. Yanzu kafin in danna, sai na tsaya na tambayi kaina wa aka kira ni in ɗauka, bango ko mutum.