Ranar da Na Shafa wa Fiyano Mai

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe biyar ne na yammacin wata Juma'a, a unguwar Jarwal, nan ƙasa mai tsarki. Akwai ni, da ƙanwata Hajara, da mijinta Usman, da 'yarsu Salma, sai malamar kiɗa da ta zo sauraron yarinyar don ta ga ko za ta karɓe ta a ajinta.

Amma bari in bi abin daki-daki. Sana'ata gyaran kekunan tura alhazai a unguwar Misfala, kuma ƙa'idata ɗaya ce: a goge, a sa mai, a ɗaure. Usman ya sayo wa Salma tsohon fiyano daga Jidda, wasu wayoyinsa sun tsinke. Wanda ya sayar masa ya haɗo shi da sababbin wayoyi, da ƙusoshin da ake naɗe su a jiki, da wani mabuɗi mai dogon hannu na ɗaure su. Mutumin ya ce a jira mai gyara. Na ce ina raye ba za a kira baƙo ba.

Da farko na duba sababbin ƙusoshin, na ga sun fi tsofaffin kauri. Na ce an cuci Usman, na ajiye su gefe. (Ashe da gangan ake ƙara kaurin, domin ramukan katakon da ake kafa su sun riga sun buɗe.) Sannan na raina mabuɗin, na ɗauko sifanata. Daga nan na goge tsofaffin ƙusoshin har suka yi ƙyalli, na shafe su da mai, na naɗa wayoyin, na ɗaure.

Usman ya ce, "Yaya, mai kuma?"

Na ce, "Ka taɓa ganin ƙarfen da ya ƙi mai? Halas, magana ta ƙare, koma gefe."

To, ranar ta zo. Malama ta ce, "Yalla, Salma, fara." Yarinya ta fara lafiya lau. Ni kuma na harɗe hannu kusa da fiyanon, ina jiran yabo. Can sai wani sauti ya fara sauka a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa. Wani ya bi shi. Malama ta ɗaga murfin, muka ga ƙusoshina suna warwarewa da kansu, sumul, ba ko ƙara. (Aikina ne, ai dole su yi santsi.)

Ta taɓa ɗaya, ta shinshina yatsarta. "Wa ya sa wa wannan mai?"

Salma, ido cike da hawaye, ta ce, "Kawu ne. Har ƙofar firij yana sa wa."

Hajara ta toshe baki da mayafi. Malama ta ce Salma ta zo ta gwada a fiyanon ajinta, daga baya kuma ta karɓe ta. Namu kuwa sai da aka sauya katakon da ya sha mai.

Na koyi cewa wani abin taurinsa ne ke riƙe da shi. Don Allah, mai karatu, in ka hango ni na nufo gidanka da gwangwanin mai, ka tare ni a ƙofa, ka karɓe shi, sannan mu gaisa.